Garun da Ya Karkata da Motar da Wa'adin Dubanta Ya Wuce

A mafi yawan ƙasashen da suka tsara harkar sufuri, doka ta ɗora wa mai mota nauyin kai ta wurin masu duba lafiyar ababen hawa daga lokaci zuwa lokaci, domin a gwada birkinta da sitiyarinta da tayoyinta da fitilunta, sannan a ba shi takardar da ke shaida cewa motar ta cancanci hawa titi har zuwa wata rana da aka rubuta a jikin takardar. A Nijeriya wannan aiki yana hannun jami'an duba motoci na jihohi, waɗanda direbobi suka fi sani da VIO, yayin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take sa ido a kan halin motoci da na masu tuƙa su a manyan hanyoyi. Abin da ke biyo bayan ƙarewar wa'adin wannan takarda a wajen hukuma sananne ne, tun daga tsayarwa a bakin hanya har zuwa cin tara. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne matsayin mutumin da ya tayar da motarsa bayan wa'adin ya wuce, alhali a ganinsa lafiyarta ƙalau: shin ya saɓa wa wata ƙa'idar ofis ce kawai wadda biyan tara ke shafewa, ko kuwa ya ɗauki wani alhaki da Shari'a da lafiyayyen hankali suke tuhumarsa a kai, ko da ya je ya dawo babu abin da ya faru?

Ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari sun bambanta wajen tsananin hukunci. A Ingila an fara gwajin da ake kira MOT a 1960, ana duba birki da fitilu da sitiyari na motocin da suka shekara goma, daga baya aka mayar da shi na kowace shekara ga duk motar da ta cika shekara uku, kuma wanda aka kama yana tuƙi ba tare da ingantacciyar takarda ba ana iya cinsa tarar da ta kai fam 1,000, sai fa idan yana kan hanyar kai motar wurin gwajin da ya riga ya karɓi rana. A Jamus kuwa, inda ake duba ƙananan motoci duk shekara biyu, hukuncin hawa-hawa ne, domin wanda ya makara fiye da wata biyu yuro 15 zai biya, wanda ya wuce wata huɗu yuro 25, wanda ya zarce wata takwas kuma yuro 60 tare da rubuta masa maki ɗaya na laifi a rajistar direbobi. Wannan hawa-hawa amincewa ce da cewa ranar da ke jikin takarda iyaka ce da mutane suka shata, kuma haɗari yana ƙaruwa ne sannu a hankali. Duk da haka babu ɗaya daga waɗannan kuɗaɗe da ya yi kusa da nauyin abin da ake tsoro, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna kowace shekara, kuma a Nijeriya alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra sun haura mutum 5,000 a 2023, haka ma a 2024, ko da yake gudun wuce sa'a ne ke kan gaba a cikin dalilan da take kawowa, tsinkewar birki da fashewar taya suna biye daga baya.

Wanda ke ganin babu wani alhaki a cikin lamarin yana da hujjoji da bai kamata a raina su ba. Zai ce ƙarfe bai san kwanan wata ba, birkin da ya kama jiya da dare ba zai ƙi kamawa yau da safe don kawai wa'adin takarda ya cika ba. Zai ƙara da cewa a wurare da dama ana sabunta takardun mota gaba ɗaya ta hannun wani ɗan aike, a kawo su har gida da tambari da sa hannu alhali motar ba ta motsa daga inda take ba, wanda hakan ya sa mutane da yawa suke ɗaukar takardar a matsayin wani nau'in haraji. Wannan ne ma ya sa Jihar Legas ta shelanta cewa daga Janairun 2022 ba za a ƙara ba da takardar ba sai an ga motar a cibiyar gwaji ta kwamfuta. Zai iya kuma kawo hukuncin da Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke a Oktoban 2024, cewa jami'an VIO na birnin tarayya ba su da ikon tare motoci a hanya ko ƙwace su ko cin tarar masu su. In mai karatu ne, zai ambaci gwajin da aka yi a Norwe, wanda aka wallafa sakamakonsa a 1992, inda aka raba motoci kusan 204,000 rukuni-rukuni, wasu ana dubawa wasu ba a dubawa, ba a kuma ga bambancin a zo a gani a yawan haɗurransu ba, da kuma matakin jihar Texas ta Amurka na soke duban wajibi ga motocin da ba na kasuwanci ba daga farkon 2025. Sakamakon da aka samu a ƙasar da masu mota ke kai ta gareji da kansu ko doka ba ta ce ba, ba lallai ne ya dace da ƙasar da mafi yawan motocinta tsofaffi ne tun daga ranar shigowarsu ba, amma hujjar tana nan da ƙarfinta a kan abu guda, wato takarda ita kaɗai ba ta tsayar da mota.

Fiƙihu ya san matsalar hanya tun kafin a ƙera mota. Asalin da malamai suka gina hukunci a kansa shi ne cewa hanya haƙƙi ne na tarayya, kowa yana da izinin bi ta kanta bisa sharaɗin kada binsa ya cutar da wani, kuma a Muwaɗɗa ta Imam Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid, littattafan da ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa, an tabbatar da cewa mahayin dabba da mai janta da mai korarta duka suna ɗaukar lamunin abin da ta taka, lamuni kuwa a nan yana nufin wajabcin biyan abin da aka lalata na rai ko gaɓa ko dukiya. Duba abin hawa kafin ɓarna ta auku shi ma tsohon abu ne, domin Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya lissafa a cikin ayyukan muhtasibi, wato jami'in hisba mai lura da kasuwa da hanya, hana masu jiragen ruwa yin lodin da ya fi ƙarfin jirgi ko tashi a lokacin da iska ta tsananta. A kan wannan tushe ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ɗora matsayarta mai lamba 71 a zamanta na Brunei a 1993, inda ta ce bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, saboda yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da suka tsara bisa maslaha mursala, wato amfanin jama'a da nassi bai ambace shi da suna ba amma ya dace da manufofin Shari'a, kuma ta halatta ta'aziri, wato horon da hukuma ke ƙayyadewa, har da na kuɗi, ga wanda ya jefa lafiyar mutane cikin haɗari.

Wannan amsa daidai ce, sai dai idan aka tsaya a kanta kaɗai za ta yi rauni a daidai wurin da aka fi buƙatarta. Direban da ya ga da idonsa ana sayar da takardar zai ce wace maslaha ta rage a cikin dokar da masu tsaronta suka mayar hanyar samun na goro, kuma da zarar kotu ta ɗaure hannun jami'ai sai ya ɗauka wajibin ma ya faɗi tare da tarar. Saboda haka ya kamata a nemi tushen da bai rataya ga gaskiyar jami'i ko ƙarfin hukuma ba, kuma ana samunsa a wata mas'ala da ke cikin littattafan mazhabar Malikiyya, ciki har da Mukhtasar na Shaihu Khalil, wato mas'alar garun da ya karkata zuwa hanya.

Surar mas'alar ita ce mutum ya gina garunsa a miƙe, daga baya ya karkata, sannan ya faɗa wa mai wucewa. Malamai suka ce mai garun yana ɗaukar lamuni idan an gargaɗe shi, kuma ya sami lokacin da zai ishe shi ya gyara ko ya rushe amma bai yi ba. Wasunsu suka ɗora masa ko ba a gargaɗe shi ba, matuƙar karkatar ta kai matsayin da ba ta ɓuya ga mai ita. Abin lura a nan shi ne mai garun bai tura shi da hannunsa ba, bai yi nufin kowa da sharri ba, wataƙila ma yana barci lokacin da abin ya faru, amma gargaɗin da ya riga ya iso masa ya canza hukuncin shirunsa, ya mayar da rashin aikinsa tafriɗi, wato barin abin da ya wajaba na kiyayewa. Ranar da ke jikin takardar mota gargaɗi ce irin wannan, rubutacce, mai shaida, wanda mai motar ya san da shi tun watanni kafin ya cika. Amma akwai bambanci tsakanin surorin biyu da adalci ya wajabta a bayyana shi. Gargaɗin mai garu yana gaya masa cewa garunsa ya karkata, ita kuwa ƙarewar wa'adi ba ta gaya wa mai mota cewa birkinsa ya lalace. Iyakar abin da take gaya masa shi ne sanin da yake da shi game da birkin ya tsufa, kuma daga yau duk abin da ya faɗa a kan lafiyar motarsa zato ne.

Mai mota zai iya fakewa da ƙa'idar da malaman usulu ke kira istis'habi, wato ɗaukar cewa abu yana nan a halin da aka san shi har sai an sami dalilin canzawarsa. Wannan ƙa'ida tana aiki a kan abin da ɗabi'arsa tabbata ce, mota kuwa ɗabi'arta cinyewa ce. Fatar birki tana raguwa a duk takawa, man birki yana shan raɓa daga iska a tsawon watanni har ya zama yana saurin tafasa idan birki ya yi zafi a doguwar gangara, robar taya tana bushewa tana tsagewa ko motar tana ajiye, shi ya sa masu ƙera ta suke buga lambobi huɗu a gefenta, biyun farko na mako biyun ƙarshe na shekarar da aka yi ta. Mafi munin abin shi ne waɗannan canje-canje suna zuwa ne a hankali, har ƙafar direban da ke taka birkin kullum ta saba da nisan da yake ƙarawa kafin ya kama, ya zama shi ne mutum na ƙarshe da zai lura. Don haka shuɗewar lokaci ita kanta dalili ce ta canzawa, kuma jahilcin da ke biyo bayan wa'adi ba irin wanda ake yi wa uzuri ba ne, domin malamai sun bambanta tsakanin wanda bai sani ba kuma ba shi da hanyar sani, da wanda hanyar sanin ke buɗe a gabansa ya kau da kai, sau da yawa saboda yana tsoron abin da bakanike zai gano da kuma kuɗin da zai biyo baya.

Wani masanin lissafi ɗan Ingila, William Clifford, ya zana wannan hali a wata maƙala da ya wallafa a 1877, inda ya kawo misalin mai tsohon jirgin ruwa da zai kwashi masu ƙaura, shakka ta taso masa game da ƙarfin jirgin, amma ya lallashi zuciyarsa da cewa jirgin ya sha tafiya ya dawo lafiya kuma Ubangiji ba zai bar waɗannan bayin nasa ba, har ya sami natsuwa ta gaskiya, jirgin ya nutse, ya karɓi kuɗin inshora. Hukuncin Clifford shi ne mutumin yana da alhakin ransu, domin natsuwar tasa da danne shakka ya same ta, babu binciken da ya yi, kuma da jirgin ya isa lafiya ma laifinsa ba zai ragu ba. Ba sai an bi Clifford zuwa inda ya nufa da wannan misali a kan imani gaba ɗaya ba kafin a amince cewa ya gano wani abu game da zuciyar ɗan Adam, wato yadda take iya ƙera wa kanta yaƙini idan bincike yana da tsada.

Sashe na biyu na hukuncin nasa ne ya fi wahalar karɓa, kuma shi ne masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, suka tayar da muhawara a kansa a 1976, a ƙarƙashin abin da za a iya kira shigar sa'a cikin alhaki. Nagel ya kawo misalin direban babbar mota da ya yi sakacin kai birkinsa a duba, yaro ya faɗo masa hanya ya take shi. Sakacinsa daidai yake da na dubban direbobin da babu yaron da ya faɗo musu, amma shi kaɗai za a kira mai kisa, shi kaɗai kuma zai kira kansa haka. Idan mutum ana tuhumarsa ne kawai a kan abin da ke ƙarƙashin ikonsa, faɗowar yaro kuwa ba ta cikin ikonsa, me ya sa hukuncinsu ya bambanta? Fiƙihu bai tsaya yana jiran amsa guda ba, domin tun farko ya raba tambayar gida biyu. Zunubi yana rataye da zaɓi, lamuni kuma yana rataye da abin da ya auku, shi ya sa ƙaramin yaro ko mai barci idan ya fasa kayan wani ana biya daga dukiyarsa ba tare da an ce ya yi zunubi ba. A bisa wannan, direbobi biyu da suka fita da asuba da birkin da ba a duba ba sun yi tarayya a zunubin tafriɗi tun lokacin da suka murza makulli, gwargwadon abin da kowannensu ya sani ko ya ƙi sani, sannan lamuni ya sauka a kan wanda ɓarna ta auku ta hannunsa, domin akwai wanda aka cuta da ke da haƙƙi, ɗayan kuwa babu mai binsa komai a cikin mutane. Wanda ya tsira bai fi ɗan'uwansa kirki ba, rufin asiri ya samu.

Wannan rabe-rabe yana kare mai takardar da ta ƙare daga zalunci kamar yadda yake hana shi kuɓuta. Idan yana tafiya a kan hannunsa da gudun da ya dace, wani ya saki nasa hannun ya afka masa, ƙarewar wa'adin takarda ba ta mayar da shi mai kisa, domin lamuni yana buƙatar alaƙar sanadi tsakanin sakacin da ɓarnar, kuma matsayar Brunei ta sauke alhaki daga direba idan haɗarin ya zo daga abin da ya fi ƙarfinsa, ko daga aikin wanda abin ya shafa, ko daga kuskuren wani na uku. Haka nan wanda takardarsa sabuwa ce fil amma ya san birkinsa sai an taka sau biyu yake kamawa, takardar ba ta amfanarsa da komai. Shaihu Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya bi wannan hanya a bayaninsa kan haɗurran mota, inda ya bambanta direban da taya ta fashe masa ba tare da wani sakaci daga gare shi ba, wanda bai ɗora masa diyyar fasinjojinsa ko kaffara ba saboda amintacce ne a kansu, da wanda ya bar kiyayewar da ta wajaba a kansa. A nan ne ƙarewar wa'adi take da nauyinta na gaskiya: amintacce ana karɓar maganarsa cewa bai yi sakaci ba, amma mutumin da aka sanya masa ranar dubawa ya bar ta ta wuce, sannan taya ta fashe ko birki ya tsinke, ya raunana wannan matsayi da hannunsa, sai dai in yana da shaidar cewa ya kai motar wurin ƙwararre ya duba abin da takardar ke wakilta.

Maganar da aka fi ji bayan haɗari ita ce kwana ya ƙare, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. A bakin wanda aka yi wa rashi wannan magana imani ce da haƙuri, babu mai musun cewa babu ran da ke fita sai da ajalinsa. A bakin wanda ya yi sakaci kuwa hukuncinta daban ne, domin malaman aƙida sun bayyana cewa ana kawo ƙaddara don rarrashin zuciya a kan musiba, ba a kawo ta don wanke kai daga laifi. Da cikar ajalin mamaci tana sauke alhakin wanda ya yi sanadi, da aya ta 92 a Suratun Nisa'i ba ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure ba. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah, da komawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham lokacin annoba yana mai bayyana cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddarar Allah, duka suna nuna cewa riƙo da sababi ɓangare ne na tawakkali. Akwai kuma wani abu da ya keɓanci hanya: wanda ya ƙi shan magani kansa ya sa a caca, amma wanda ya cika bas da fasinjoji a tasha, kowa ya biya kuɗinsa ya yi addu'ar tafiya bisa zaton motar lafiyayya ce, ya yi tawakkali ne da rayukan da masu su ba su ba shi izini ba.

A motocin haya alhakin ba ya tsayawa a kan mai riƙe da sitiyari. Fiƙihu ya bambanta mubashiri, wato wanda ɓarna ta fito kai tsaye daga aikinsa, da mutasabbibi, wato wanda ya shimfiɗa sanadinta, kuma asali mubashiri ake fara kamawa, sai idan mutasabbibi ne ya ƙetare iyaka shi kuwa mubashiri bai ƙetare ba. Idan kuma sababai biyu suka haɗu kowanne yana da tasiri, ana raba alhakin gwargwadon tasirin kowanne. Mai motar da ke karɓar balas kullum, direba ya sha gaya masa tayoyi sun cinye ya ce a lallaɓa zuwa wata mai zuwa, ba zai fita daga wannan lissafi don yana gida lokacin da motar ta kife ba. Dokokin zamani ma sun kai ga wannan matsaya. A ranar 6 ga Oktoban 2018, a Schoharie ta jihar New York, wata doguwar motar alfarma ta haya ta gangaro daga tudu birki ya ƙi kamawa, mutum 20 suka mutu, fasinjoji 17 da direban da wasu mutum biyu da ke tsaye a ƙasa, alhali motar ta faɗi gwajin hukuma a watan da ya gabata an kuma hana ta hawa titi. A 2023 aka sami mai gudanar da kamfanin da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke masa ɗaurin shekara 5 zuwa 15. Shi kuwa jami'in da ya sa hannu a kan lafiyar motar da bai gani ba, abin da ya rubuta shaidar zur ce, wadda hadisi ya jera cikin mafi girman zunubai, kuma wanda ya biya shi don ya rubuta abokin tarayyarsa ne, laifinsa ma ya fi na wanda ya bar takardarsa ta ƙare, tunda mai takardar da ta ƙare aƙalla bai yaudari kowa da takardar ƙarya ba.

Talauci hujja ce mai nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi magana kamar direban da ke ciyar da gida da abin da ya samu a yini yana da zaɓin da mai albashi yake da shi. Shari'a ta san lalura, ba kuma za a ce wa wanda ya ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare ya tsaya duba kwanan wata ba. Sai dai ƙa'idojin da suka buɗe wannan ƙofa su ne suka shata mata iyaka, domin lalura ana auna ta gwargwadonta, kuma matsuwar mutum ba ta ɓata haƙƙin waninsa. Tana iya sauke zunubi ko ta rage shi, ba ta sauke lamuni, ba ta kuma miƙewa ta zama halin watanni.

Idan rai ya salwanta ta sanadin irin wannan sakaci, hukuncinsa na kisan kuskure ne, kuma abubuwa biyu ke biyo baya. Na farko diyya, wadda a mazhabar Malikiyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya ko dirhami 12,000 na azurfa, tana kuma hawa kan aƙila, wato dangin mai laifin ta wajen uba da ke taimakon juna, su biya cikin shekara uku, yayin da ɓarnar dukiya take kan mai laifin shi kaɗai. Majalisar Fiƙihu a zamanta na Dubai a 2005 ta ga cewa inshorar takaful, wato ta taimakon juna, da ƙungiyoyin ma'abota sana'a ɗaya suna iya tsayawa a matsayin aƙila idan tsarinsu ya tanadi hakan. Diyya haƙƙin magada ce, kuma a ƙasar Hausa sau da yawa sukan yafe ta, ayar ma ta buɗe musu wannan ƙofa. Na biyu kaffara, wadda a yau da babu bayi ta koma azumin wata biyu a jere, ita kuma haƙƙin Allah ce da ke kan mai laifin shi kansa, aƙila ba ta ɗaukar masa, inshora ba ta biya, yafewar magada ba ta kayar da ita, kuma a wajen mafi yawan malamai ciyarwa ba ta maye gurbinta kamar yadda take yi a wasu kaffarori. Malamai sun yi bayanin wajabcinta, duk da cewa an ɗauke wa al'umma zunubin kuskure, da girman alfarmar rai da kuma cewa kuskure da wuya ya rabu da wani gwargwado na ƙarancin lura. Mafi yawansu suna ganin tana maimaituwa da adadin rayukan da aka rasa, wanda ke nufin direban bas mai fasinja 18 da suka mutu gaba ɗaya saboda birkin da ya yi sakacin dubawa, idan shi ya rayu, azumin wata 36 ne a kansa, kowane wata biyu a jere ba tare da yankewa ba sai da uzurin da Shari'a ta karɓa.